Waiwaye: yaɓen magudanar narkakken ƙarfe, daga yashi zuwa siminti mai jure wuta

Ƙasar Damagaram ba baƙuwar ƙira ba ce. A duwatsun Termit an tono burbushin aikin tama da ya girmi zamanin Annabi Isa, kuma a mulkin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, har igwa ake ƙerawa a Zinder. Sai dai tanderun tama na kakanninmu ba ya mai da ƙarfe ruwa. Ƙarfen dunƙule yake fitowa tare da kashinsa, wato dattin tama, a kai maƙera a yi ta duka, don haka ba su buƙaci magudana ba, wato hanyar da narkakken ƙarfe ke bi in ya fito daga tanderu.

Inda ƙarfe ke malalowa kamar kunu, nan ake buƙatarta. Tun da Abraham Darby ya narka tama da gasasshen kwal a Ingila a 1709, tanderu ke ta ƙara girma. Yau ƙarfen na fitowa da zafin kusan digiri 1500, ya bi magudana, kashin da bai kai shi nauyi ba ya taso sama a tare shi gefe.

Da can yashi da yumɓu ake shimfiɗawa a cikin magudanar, kusan kowace zuba sai an gyara. Daga baya aka koma daɓe yumɓu da garin kwal da kwalta, ma'aikata na shaƙar hayaƙin. Wajen shekarun 1970, musamman a Japan, aka karkata ga kwaɓin da ake zubawa kamar kankare, na alumina da silikon kabaid da kabon, sinadarai masu jure wuta. An kuma rage masa siminti, domin farar ƙasar da ke ciki tana rage masa ƙarfin jure wuta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bangon ba ya cinyewa bai ɗaya. Ya fi zaizayewa inda ƙarfe ke faɗowa daga bakin tanderu, da layin da kashi ke lasa. A layin nan ake ƙara silikon kabaid, wani lokaci a feshe wurin da sabon kwaɓi ba tare da an rushe duka ba.

Ruwa kuwa har yau shi ne abin tsoro. In aka yi gaggawar busar da sabon yaɓe, tururi ya tsage shi. In ƙarfe ya tarar da laima, ya tarwatse a kan mutane. Tambayi mai zubin tukwanen alminiyom a Zinder, wanda narkakken nasa bai kai rabin wannan zafi ba, abin da ɗigon ruwa ke yi.