Mene ne "waya mai rubuta magana" da masu nauyin kunne ke amfani da ita a Amurka?

Wata rana ina hira da wata ƴar'uwata da ke aikin kula da tsofaffi a Amurka sai ta ce min wai tsohuwar da take kula da ita tana "karanta waya". Na ce karanta waya kamar yaya, saƙo aka turo mata? Ta ce a'a, kira ne, ɗanta ne ya kira ta, tana jin muryarsa sama-sama amma abin da yake faɗa yana fitowa a rubuce a fuskar wayar, ita kuma tana ba shi amsa da bakinta. Tun daga nan abin ya tsaya min a rai, domin a gidanmu ma akwai dattijon da kunnensa ya yi nauyi, kuma na san yadda kiran waya ya koma masa abin fargaba.

To abin da ake nufi da waya mai rubuta magana shi ne waya ce, ko manhaja a wayar hannu, da take nuna maka a rubuce duk abin da mutumin da ke ɗaya ɓangaren yake faɗa, a daidai lokacin da yake faɗa, kamar dai rubutun nan da ke fitowa a ƙasan fim. Sunan da ya fi shahara shi ne CapTel, wanda kamfanin Ultratec da ke garin Madison a jihar Wisconsin ya ƙera, sunan ma an gajarto shi ne daga kalmomin Turanci biyu masu ma'anar waya mai rubutu. Akwai wasu kamfanonin da ke yin irin wannan aiki kamar CaptionCall da ClearCaptions da InnoCaption, wasu da wayar tebur mai babbar fuska, wasu a manhaja kawai.

Wa aka yi wa ita? Nan ne mutane ke yawan kuskure. Da zarar an ce "mai matsalar ji" sai tunaninmu ya tafi kan kurma da aka haifa da shi, mai maganar hannu. Amma wannan waya ba shi aka fi nufi ba, su masu maganar hannu suna da nasu tsarin na kiran bidiyo da tafinta a tsakiya. Wannan an yi ta ne domin mutumin da bakinsa ras yake, ya yi shekara sittin ko saba'in yana magana da mutane, sai girma ko ciwo ko ƙarar inji ko ta bindiga suka cinye masa ji. Yana jin ana magana amma kalmomin ba sa rabuwa, "bakwai" da "takwas" duk sun zama ɗaya. In kuna zaune ido da ido yana kallon leɓenka da fuskarka yana cike gurbin, amma a waya babu leɓe babu fuska, daga nan sai ka ji "na'am? me ka ce? sake faɗa" har mai kiran ya gaji ya ce a ba wani wayar. Wallahi wannan "a ba wani wayar" ɗin ita ce ke cin ran tsofaffi, mutumin da ya riƙe gida shekara da shekaru yau sai jikansa ne zai karɓa masa kiran likita ko na banki, sirrinsa duk a hannun yaro.

Yadda take aiki kuwa, da farko akwai mutum a tsakiya. In ka ɗaga wayar, muryar wanda ya kira ka tana zuwa kunnenka kamar kullum, a lokaci guda kuma tana tafiya wata cibiya inda wani ma'aikaci ke saurare, shi kuma sai ya riƙa maimaita duk abin da ya ji da bakinsa cikin kwamfutar da ta saba da muryarsa, kwamfutar ta mayar da shi rubutu, rubutun ya dawo fuskar wayarka bayan ƴan daƙiƙoƙi. Dalilin maimaitawar shi ne a wancan lokaci kwamfuta ba ta iya gane muryar kowa da kowa ba, amma tana gane murya ɗaya da aka horar da ita a kai. Shi ma'aikacin nan ba ya sa baki a hirar, wanda ya kira ka ma ba ya jin sa, kuma doka ta hana shi faɗa wa kowa abin da ya ji ko ajiye shi bayan an gama kiran. Yanzu da fasahar gane murya ta yi ƙarfi, tun 2018 hukumar sadarwa ta Amurka wato FCC ta buɗe ƙofar a yi rubutun da kwamfuta zalla ba mutum a tsakiya, shi ya sa wasu manhajojin ma suna ba ka zaɓi, ko mutum ko na'ura.

Abin bai faro daga nan ba. A 1964 wani masanin kimiyya Ba'amurke kuma kurma mai suna Robert Weitbrecht ya ƙirƙiro hanyar haɗa injin buga saƙon rubutu da layin waya, wanda ake kira TTY, kurame biyu su riƙa rubuta wa juna. Matsalar ita ce sai in ɗayan ma yana da injin. Daga baya aka samar da masu shiga tsakani, kai ka rubuta su karanta wa mai ji, shi ya faɗa su rubuto maka. A 1990 aka sa hannu kan dokar kare haƙƙin masu naƙasa ta Amurka, wadda ake kira ADA, sashe na huɗu na dokar ya wajabta wa kamfanonin waya samar da wannan hidima a duk faɗin ƙasar, har yau in ka danna 711 a Amurka ita za ka samu. To amma tsarin akwai wahala, hira ce ta bi-da-bi, sai ka gama ka ba da alamar ka gama sannan ɗayan ya fara, ga dattijon da bai saba buga rubutu ba kuma abin takura ne. Waya mai rubuta magana ta zo ta cire wannan, FCC ta amince da ita a 2003, sannan a 2007 aka amince da wadda ke bi ta intanet, ita ce ake gajarta sunanta da IP CTS.

Wa ke biya? Ba mai amfani da ita ba. Akwai asusu na tarayya da kamfanonin sadarwa ke zuba kuɗi a ciki, daga nan ake biyan masu rubutun gwargwadon mintunan da aka yi. Kuma saboda kowane minti kuɗi ne, an sa ƙa'ida, dole ka yi rajista ka tabbatar kana da matsalar ji da ke sa ka buƙaci rubutun, kuma haramun ne a dokance wanda bai yi rajista ba ya yi amfani da wayar alhali rubutun na kunne. Ni a ganina wannan tsarin biyan shi ne ainihin abin lura, ya fi wayar kanta muhimmanci, domin sun ɗauki kiran waya a matsayin haƙƙi ne na kowa, ba sadaka ba. Kuma an ga abin da ke faruwa in aka janye tallafin, a Ostareliya gwamnati ta daina ɗaukar nauyin wayar CapTel a tsarinta a farkon 2020, tsofaffi da yawa suka yi ta kuka domin ita kaɗai suka iya.

Ba wai ba ta da matsala ba fa. Rubutun yana ɗan makara, sai ka ga mai kira ya yi tambaya ya yi shiru yana jira, dattijon kuma yana jiran rubutu ya ƙaraso. Sunayen mutane da na magunguna da lambobi su ne suka fi fitowa a karkace, ga shi su ne aka fi buƙatar su fito daidai. In mai magana yana sauri, ko akwai hayaniya a bayansa, ko harshensa bai yi kama da wanda na'urar ta saba ji ba, sai rubutun ya rikice. Sannan a Amurka hidimar da Turanci da Sifaniyanci aka fi yin ta, don haka Bahaushen da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York in ƴan gida suka kira shi daga Kumasi ko Zinder ana zuba Hausa, wayar ba abin da za ta tsinana masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan ɗaya da rabi ne ke da wani mataki na raunin ji a duniya, kusan miliyan 430 daga ciki nasu ya kai na buƙatar taimako, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke. Mu a wajenmu abin ya fi ciwo ta wata fuskar, domin yanzu zumuncinmu duk ya koma saƙon murya a WhatsApp, sanarwar suna da ɗaurin aure da ta'aziyya duk da murya ake turowa, wanda kunnensa ya yi nauyi sai dai ya ga saƙonni sun taru ya jira wanda zai saurara masa. Dattijonmu na gida yana karanta boko da ajami sarai, tun da na fahimci wannan na daina tura masa murya, ina rubuta masa ne, in kuma kira ya zama dole sai na yi na bidiyo in tsaya inda haske ke dukan fuskata don ya ga bakina.