Na'urorin ɗaukar sauti masu bawul

Bawul kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, tana ƙara wa sauti ƙarfi idan an ɗumama ta da lantarki. Lee de Forest ne ya ƙirƙiro irin mai ƙara ƙarfin a Amurka a 1906. Taransisto, ɗan ƙaramin abin da ke yin aikinta ba tare da ɗumamawa ba, ya ture ta daga rediyo, amma situdiyo ba ta rabu da ita ba, saboda kaurin da take ba murya. Ana samunta a makirfo kamar Neumann U47, da na'urar daidaita ƙarfin murya LA-2A. Bawul ɗin da aka fi gani shi ne 12AX7, wanda a Turai ake kira ECC83.

A Zariya babbar matsalar ita ce wuta. Ta Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Na'urar gwanjo da ta fito daga can, in aka soka ta kai tsaye ba taransifoma mai rage wuta, tana iya ƙonewa nan take, don haka a fara duba rubutun bayanta. Zaren da ke ɗumama bawul galibi bolt 6.3 yake so, kuma hawan wuta na rage masa kwana. Shi ya sa ake sa sitabilaiza, a kuma kashe komai kafin a juya zuwa janareta. Kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi, wato ta ƙasa, don kashe ƙugin da ke fita a lasifika. Ita ce ke hana jikin na'ura jan mutum. Ƙugin yakan tafi idan aka haɗa duk na'urorin a soket guda.

Makirfo mai bawul galibi yana da akwatin wutarsa, ba ya aiki da bolt 48 da mikisa, na'urar haɗa sauti, ke ba makirfo. Sai an haɗa wayarsa kafin a kunna akwatin. Lasifika ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa. A ba na'ura minti 15 zuwa 30 ta ɗumama. Amfilifaya mai bawul da ke tura lasifika ba a kunna ta sai an haɗa mata lasifikar, domin taransifomar fitar sautinta na iya ƙonewa.

Zafin Maris da Afrilu yana haɗuwa da na bawul, saboda haka a bar tazarar kusan santimita 4.5 sama da kowace na'ura. Da hunturu a rufe ta da ƙyalle, amma sai ta huce.

Cikin na'urar akwai bolt 250 zuwa 400, kuma kafasitoci suna riƙe wannan wuta bayan an zare fulogi. Tana kisa. Mai gyara yakan sauke ta ta cikin resisto mai rage gudun wuta, ya auna da mita sai ta yi ƙasa da bolt 10, kuma da hannu ɗaya yake aiki don kada wuta ta ratsa ƙirji. Gyaran rediyo a Sabon Gari bai isa shaidar mutum ya san wannan ba. A tambaye shi.

Tabon azurfa a gilashin bawul alamar lafiya ce. In ya koma fari, iska ta shiga. Bawul da ke amsa kuwwa idan aka ɗan ƙwanƙwasa shi da fensir a canza shi. Farantin ciki ya yi ja kamar garwashi, a kashe nan take. Fis da ya ƙone a mayar da mai lamba iri ɗaya, ba a ɗaura waya a madadinsa.