Mene ne Kconfig? Yadda ake zaɓar abin da zai shiga zabirar BusyBox

Wata safiya cikin hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da sai ka hura hannu kafin ka iya riƙe sukundireba, yaron da nake koya wa aiki a shagona da ke kusa da Terminus ya kira ni yana ɓata rai. Ya shiga cikin wata ƙaramar na'urar Linux da na harhaɗa wa manhaja da kaina, yana son ya kwance wani fayil da aka matse. Ya buga `tar -xzf` kamar yadda ya saba a laftof, na'urar ta ce ba ta san zaɓin `z` ba.

"Oga, wannan tar ɗin jabu ne," in ji shi.

Ba jabu ba ne, kuma laifin nawa ne. Ni na bar wani akwati ɗaya ban cika shi ba ranar da nake zaɓar abin da zai shiga na'urar. Wannan akwati, da ɗaruruwan 'yan'uwansa, su ake kira zaɓuɓɓukan Kconfig, kalmar da duk mai taɓa rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ko ƙananan na'urorin Linux zai ci karo da ita ko ba jima ko ba daɗe.

Sai dai ba a gane Kconfig sai an san abin da ake tsarawa da shi. A babbar kwamfuta, `ls` da `cp` da `tar` da `vi` kowanne manhaja ce mai zaman kanta, da fayil ɗinta daban. A rauta mai ma'adanar megabait 4 ko 8 babu wannan sararin. Shi ya sa ake amfani da BusyBox, wadda Bruce Perens ya fara rubutawa a 1995 don tsarin girka Debian, wani nau'in Linux, ya samu shiga faifan filofi guda mai ɗaukar megabait 1.44. Dabarar ita ce a zuba umarni sama da 300 cikin fayil ɗaya tilo. Sunayen `ls` da `cp` da sauransu laƙabi ne kawai da ke nuni ga wannan fayil. In ka kira shi da sunan `ls` ya yi aikin `ls`, in ka kira shi da `cp` ya yi kwafi. Na fi kwatanta ta da zabirar wanzami: jaka ɗaya ce a rataye, amma akwai aska, akwai ƙaho, akwai almakashi. Tun 2006 Denys Vlasenko ke riƙe da ragamarta, kuma ita ce a cikin OpenWrt, Linux ɗin da ake sa wa rauta, da Alpine Linux.

To wanzamin da aka kira aski kawai ba ya jidar kayan kaciya. Kconfig shi ne tsarin da ake yanke shawarar abin da zai shiga zabira tun kafin a ɗinke bakinta.

A taƙaice, Kconfig ƙaramin harshe ne na rubuta tambayoyi. An ƙirƙire shi don kenel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke hulɗa da kayan na'ura kai tsaye, Roman Zippel ya kawo shi a 2002 zamanin jerin 2.5, daga baya wasu ayyuka irin su BusyBox da Buildroot da U-Boot suka ara. Kowace tambaya tana da suna, da irin amsar da take karɓa, da amsar da za a ɗauka in ba ka ce komai ba, da ɗan bayani. Mafi yawansu i ko a'a ne, wato `bool`. Akwai masu karɓar lamba, akwai masu karɓar rubutu. A kenel akwai mai amsa uku, `tristate`, inda ta ukun take nufin a gina abin a gefe a riƙa loda shi in buƙata ta taso. Wannan bai dami mai BusyBox ba, tunda komai nata cikin fayil ɗaya yake.

Yadda ka fi ganin tambayoyin shi ne in ka buga `make menuconfig`. Allo mai shuɗin bango zai buɗe, jerin rukunai a tsakiya: Settings, Archival Utilities, Coreutils, Editors, Networking Utilities, Shells da sauransu. Ka shiga rukuni, ka ga kowane layi da akwati a gabansa. Tauraro a ciki yana nufin an ɗauka, akwati fayau yana nufin an bari. Ka danna `y` ko `n`, ka danna alamar tambaya don karanta bayani, ka danna `/` don neman zaɓi da sunansa. A BusyBox har an rubuta kimanin kilobait nawa kowane umarni zai ci a gefen sunansa, kamar farashin kaya a kanti. Da ka fita, amsoshinka duka su zuba cikin fayil mai suna `.config`, layi bayan layi: `CONFIG_TAR=y`, `CONFIG_LS=y`. Abin da ka ƙi ɗauka kuwa sai a rubuta shi da alamar `#` a gaba, a ce `is not set`. Wannan layi yana kama da sharhin banza wanda za a iya gogewa, amma manhajar tana karanta shi. In ka goge, ta ɗauka ba a taɓa yi maka tambayar ba.

Duk wannan ba shi ne wahalar ba. Wahalar, kuma inda ake gane gwanin tsari, ita ce ina za a ajiye kowace tambaya.

Mu koma ga `z` ɗin yarona. Ranar da na gina na'urar, na fara da `make allnoconfig`, wanda ke kashe komai, don in riƙa kunna abin da nake so ɗaya bayan ɗaya. Na shiga Archival Utilities, na sa wa `tar` tauraro, na duba 'ya'yan da ke ƙarƙashinsa, na ɗauki ikon ƙirƙirar sabon ƙunshi, na fita ina ganin na gama. Ashe zaɓin fahimtar fayil ɗin da aka matse da gzip ba ya ƙarƙashin `tar`. Yana can saman rukunin, da sunan `FEATURE_SEAMLESS_GZ`. Da farko na ji haushi, na ce wane irin shirme ne wannan, a raba ɗa da uwarsa. Da na karanta bayanin sai na sauko. Ba `tar` kaɗai ke cin moriyarsa ba, wasu umarni irin su `rpm` da `modprobe` ma da shi suke aiki. Rijiya ce ta unguwa. In aka haƙa ta a tsakar gidan mutum ɗaya, sauran maƙwabta sai sun yi sallama kafin su ɗebi ruwa. Haka aka yi wa zaɓin nuna girman fayil a sigar da mutum zai karanta, irin 13k ko 23M: `df` da `du` da `ls` duk suna amfani da shi, don haka aka ware masa wuri na gamayya, aka ce zai bayyana in ko ɗaya daga cikin ukun yana kunne.

Ƙa'idar da na tsinta ke nan: abin da umarni ɗaya ke amfani da shi ya zauna ƙarƙashinsa, abin da ake tarayya a kai ya hau sama, abin da ya shafi ginin gaba ɗaya ya tafi Settings. Can ne za ka ga `CONFIG_STATIC`, mai sa a haɗa komai cikin fayil ɗin ba tare da dogaro da ɗakunan ajiyar kod na waje ba, abin da ke ceton mutum ranar da tsarin na'ura ya lalace.

Kalmomi biyu ne ke ɗaure tambayoyin da juna, kuma sabon shiga yakan rikita su. Ta farko `depends on`. Ma'anarta kada a nuna wannan tambaya sai an amsa waccan da i. Babu amfanin tambayarka ko kana son `ls` mai launi alhali ba ka ɗauki `ls` ba, don haka zaɓin launin ba zai ko fito a allo ba. Wannan ne ke sa jerin ya zama mai kyan gani, amma shi ne kuma ke sa mutum ya yi ta neman zaɓin da ya san akwai shi bai gan shi ba. Maganin shi ne `/`: zai nuna maka inda zaɓin yake da abin da ya dogara a kai.

Ta biyu `select`, wadda ke aiki ta ɗaya ɓangaren. In ka ɗauki wannan, a kunna maka wancan ko ba ka nema ba. Da ji akwai daɗi, amma akwai tarko a ciki. `select` ba ya duba ko abin da ya kunna yana da nasa sharuɗɗan. Tilasta shi yake yi kawai. Takardun kenel da kansu sun yi gargaɗi a kai, suna ba da shawarar a taƙaita shi ga ɓoyayyun zaɓuɓɓuka waɗanda ba a nuna wa mutum kuma ba su dogara da komai ba. A ganina duk mai rubuta sabon zaɓi ya fara gwada `depends on`, sai ta gagara ya taɓa `select`. Gara mutum ya ɗan wahala wajen nema da a cusa masa kilobait ɗin da bai san daga ina suka zo ba, kuma ya kasa cirewa, don akwatin da aka kunna ta wannan hanya ba ya karɓar `n`.

Akwai wata tambaya ta biyu game da wuri, wadda ba ta shafi allon ba: a wane fayil za a rubuta tambayar kanta? A da, kowane babban fayil (folda) na rukuni yana da `Config.in` guda mai ɗauke da tambayoyin duk umarnin da ke cikinsa. Mai ƙara sabon umarni sai ya taɓa wurare da yawa: kod ɗin, jerin tambayoyi, jerin sunayen umarni, dokokin gini, da rubutun taimako. Mantuwa ɗaya ta isa ta ɓata aiki. BusyBox ta sauya salo, yanzu in ka buɗe fayil ɗin kod na umarni za ka tarar da layuka a samansa masu farawa da `//config:` da `//applet:` da `//kbuild:` da `//usage:`. Lokacin gini wani ɗan rubutu mai suna `gen_build_files.sh` ke bi yana tsince su, ya haɗa manyan fayilolin da kansa. Toybox, wata manhaja irin BusyBox wadda Rob Landley ya fara a 2006 kuma ta shiga Android tun sigar 6.0 a 2015, ita ma haka take: bayanin zaɓi yana saman fayil ɗin umarnin. Ta ƙara da wata dabara da nake so, wato babban fayil mai suna `pending`, inda ake ajiye umarnin da ba a gama tace su ba, a kashe, sai wanda ya nema da gangan. Wannan salon ya fi, ba ko tantama. Wanda ya gyara kod yana ganin tambayar a gaban idonsa, in ya goge fayil ɗin kuma komai ya tafi tare, ba a bar marayan zaɓi a jeri ba.

Daga `.config` ake samar da alamomin da kod ɗin ke dubawa. Kowane zaɓi yana samun abokin suna mai farawa da `ENABLE_`, wanda ƙimarsa 1 ce ko 0. Amfaninsa shi ne mai harhaɗa kod zai karanta sashen da aka kashe, ya kama kuskure in akwai, sannan ya jefar da shi kada ya shiga fayil na ƙarshe. Tsohuwar hanyar `#ifdef` rufe ido take yi ga sashen baki ɗaya, sai kuskure ya kwanta a ciki shekara da shekaru babu wanda ya sani.

Wannan ya kai mu ga abin da masu son yawan zaɓi ba sa lissafawa. Tambayoyi 10 na i ko a'a suna ba da haɗi 1,024. Tambayoyi 20 sun haura miliyan ɗaya. BusyBox kuwa nata ɗaruruwa ne. Babu mahalukin da zai gwada duka, shi ya sa ake da `make randconfig`, mai cika akwatuna da ka, a gina a ga ko wani abu zai karye. Saboda haka kowane sabon zaɓi bashi ne da wani zai biya. In abin da za a kashe bai kai ya rage wani nauyin kirki ba, bai cancanci akwatinsa ba. Su masu BusyBox ba da baki suke wannan gardama ba, suna da `make bloatcheck` da ke nuna bait nawa gyara ya ƙara ko ya rage.

Ga mai aiki irina, darasin da ya fi tsaya mini shi ne hanyar farawa. `make defconfig` yana kunna kusan duk abin da ake buƙata, sai ka riƙa ragewa. `Allnoconfig` yana ba ka zabira fayau. In wuri bai matse ka sosai ba, fara da na farkon. Rage kaya ya fi sauƙi a kan tuno abin da ba ka san kana buƙata ba. In sabuwar siga ta fito, kada ka sake cika komai daga farko: kwafo tsohon `.config` ɗinka, ka buga `make oldconfig`, zai tambaye ka sababbin zaɓuɓɓuka kaɗai. Mai amfani da Buildroot, kayan aikin haɗa Linux don ƙananan na'urori, yana da `make busybox-menuconfig`, a OpenWrt kuma zaɓuɓɓukan suna ɓoye ƙarƙashin Base system har sai ka ce kana son gyara BusyBox da hannunka.

A ranar dai ban sake gina komai nan take ba, mai kayan yana tsaye a bakin shago da hular sanyi har kunne. Na duba na ga `gunzip` yana cikin abin da na ɗauka, sai na ce wa yaron ya fara kwance matsin da shi, sannan ya ba `tar` abin da ya fito. Ya yi, fayilolin suka zube.

"Oga, to me ya sa tun farko ba ka kunna shi ba?"

Da yamma na zaunar da shi gaban shuɗin allon, na ce ya danna `/` ya rubuta `SEAMLESS`. Ya ga inda zaɓin yake, ya ga akwai irinsa na sauran hanyoyin matsi, bz2 da xz da lzma, a jere. Ya sa wa na gz tauraro, ya kai hannu zai cika sauran, na ce ya dakata ya fara duba sararin da ya rage a ma'adanar. Muka ɗauki gz da xz, muka bar sauran, muka ajiye kwafin `.config` ɗin a filashi da sunan na'urar da kwanan wata.