Shafin saukewa kyauta: wa ke biyan kuɗin datar da ke fita?

Mai saukewa ba ya ba mai shafi ko sisi, amma kamfanin da ke riƙe da fayilolin yana aiko da takardar kuɗi duk ƙarshen wata, kuma da dala ko yuro. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu shafukan raba karatun malamai, littattafai da manhajoji suka fi yi, galibi bayan takardar farko ta girgiza su. Misalin da za mu riƙa komawa gare shi shi ne shafin da ke raba sautin tafsirin azumi, saboda a nan matsalar ta fi fitowa fili: fayiloli masu nauyi, jama'a da yawa, duk a cikin wata ɗaya.

Na riga na biya kuɗin hostin na shekara. Wane kuɗi ne kuma ake magana a kai?

Abu biyu kake saya. Na farko wurin ajiya, wato fili a faifan sabar (kwamfutar da ke riƙe da shafinka da fayilolinsa), kuma wannan yana da araha. Na biyu fitar data: duk lokacin da wani ya danna "sauke", kwafin fayil ɗin gaba ɗaya yana fita daga sabar zuwa wayarsa, kuma ana ƙirgawa. Fayil mai mega 50 da aka sauke sau 1,000 ya ci mega 50 ne kawai a ajiya, amma ya fitar da giga 50.

Kamfanoni na cajin wannan fitar ta hanya biyu, kamar ruwan famfo. Wasu na sa maka mita, su ƙirga kowace giga. Wasu kuma faɗin bututun suke sayar maka, ka ja iya abin da zai iya ɗauka. Bututu mai megabit 100 a daƙiƙa, in ya cika dare da rana, zai fitar da tera 32 da ɗoriya a wata (tera ɗaya giga 1,000 ce). Mai gigabit ɗaya kuwa ninki goma na wannan. Mai mita yana tsoron takardar ƙarshen wata, mai bututu yana tsoron cunkoso.

To nawa abin yake kamawa a zahiri?

Mu yi lissafi. Karatun awa ɗaya a MP3 mai kilobit 128 yana kai mega 58. Kwana 30 na azumi, giga 1.7 ke nan. A ce mutum 5,000 sun sauke duka, jimillar abin da ya fita ya haura giga 8,600.

A farashin 2024, Amazon Web Services na karɓar senti 9 a kan kowace giga da ta fita daga cibiyoyinsa na Amurka da Turai, bayan giga 100 na farko da yake bari kyauta kowane wata. Wannan lissafin namu zai kama kusan dala 770. In ka zaɓi cibiyarsa ta Cape Town da tunanin ta fi kusa da gida, kuɗin ya ma fi haka, don a can giga ɗaya ta haura senti 15. Shi kuwa Hetzner na Jamus yana haɗa tera 20 na fita a cikin kuɗin ƙaramin sabar ɗinsa na Turai, wanda bai wuce 'yan yuro kaɗan ba a wata, abin da ya haura kuma wajen yuro ɗaya ne kowace tera. R2, wurin ajiyar fayiloli na kamfanin Cloudflare, wanda aka buɗe wa kowa a 2022, ba ya cajin fita kwata-kwata.

Fayilolin ɗaya ne, masu saukewar ɗaya ne. Bambancin dala 770 da kusan sifili ya zo ne daga inda aka ajiye su kawai. Yawancin masu kukan tsada ba yawan baƙi ne ya kashe su ba, wurin ajiyar da suka zaɓa tun ranar farko ne.

Nawa kamfanin ya ce fitar datarsa ba ta da iyaka. Ina ruwana da wannan lissafin?

Karanta ƙa'idojin da ka amince da su lokacin rajista. Hostin na haɗaka, inda ɗaruruwan shafuka ke zaune a kan sabar ɗaya, kusan ko da yaushe yana da sharaɗin cewa ba wurin ajiye fayiloli ko rarraba su ba ne. An yi alkawarin ne da shafukan rubutu da hotuna a zuciya. Ranar da karatunka ya fara jan jama'a, sai a rage maka gudu ko a dakatar da asusun, kuma hakan kan faru ne a daidai lokacin da aka fi buƙatarka.

Akwai kuma iyakar bututun kansa. In mutum 500 suka zo lokaci guda bayan sallar asham a kan layi mai megabit 100, kowa zai samu kilobayit 25 ne a daƙiƙa. Fayil ɗin nan mai mega 58 zai ɗauki kusan minti 40, in har netwok bai yanke ba a tsakani.

Me ya kamata in fara gyarawa?

Nauyin fayil, tun kafin ka taɓa komai na sabar. Nan ne kaɗai wurin da kai da mai saukewa kuke cin riba tare, don shi ma da kuɗinsa ya sayi datar, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan farashin kira da data a Janairun 2025, mutane na duba girman fayil kafin su danna.

Muryar mutum ɗaya a gaban makirufo ba ta buƙatar kilobit 128, kuma ba ta buƙatar sitiriyo. An tsara wannan ma'aunin ne don kiɗa. Mayar da karatun zuwa layin sauti ɗaya (mono) a kilobit 32, awa ɗaya za ta koma mega 14. Lissafinmu na baya ya sauko daga giga 8,600 zuwa 2,160, takardar Amazon ta sauko zuwa kusan dala 185, ba ka canza komai ba sai fayil. Tsarin Opus, wanda WhatsApp ke amfani da shi a saƙon murya, ya fi MP3 kyan sauti a irin wannan ƙaramin ma'aunin. Matsalarsa ita ce ƙananan wayoyi masu madanni, da rediyoyin mota, da 'yan akwatunan nan masu cin memori, da yawansu ba sa buɗe shi. In ka san masu sauraronka dattawa ne da direbobi, zauna a kan MP3. Ni dai ina ganin a ajiye kwafi biyu, ƙaramin a sama da babban rubutu, mai nauyin a ƙasa ga mai so.

Littattafan PDF ma haka. Shafin da aka ɗauka da kala alhali rubutu ne baƙi a kan fari yana ninka nauyi sau da yawa a banza. Amma kada ka ɓata lokaci kana matse MP3 ko bidiyo a cikin ZIP, an riga an matse su, ba abin da zai ragu. Kuma haɗa karatun kwana 30 a fayil guda yana tilasta wa mai neman na rana ɗaya ya ja duka.

A ina zan ajiye fayilolin, in ba a kan shafin ba?

Raba gida. Shafin da mutane ke karantawa ya zauna inda yake, fayilolin su koma wurin da aka gina don ajiya, linki ne kawai zai haɗa su. R2 yana karɓar senti ɗaya da rabi a kan kowace giga da ka ajiye a wata, giga 10 na farko kyauta. Backblaze B2 ya sa farashinsa a dala 6 a kan tera a Oktoban 2023, yana kuma barin ka fitar da ninki uku na abin da ka ajiye kyauta, in kuma fitar ta bi ta Cloudflare babu caji, albarkacin wata yarjejeniya da kamfanonin suka ƙulla a 2018. Lura da wannan ninki ukun: shafin da ke da fayiloli kaɗan da ake yawan saukewa zai wuce shi cikin kwana ɗaya.

In kana iya sarrafa sabar da kanka, na haya a Jamus ko Finland tare da nginx, manhajar da ke miƙa wa baƙi shafi da fayiloli, ya isa shafi mai girman gaske.

Ba zan iya sa Cloudflare na kyauta a gaban shafina kawai in huta ba?

Wannan hidimar ta Cloudflare ana kiranta CDN, aikinta shi ne ajiye kwafin fayil a cibiyoyi da dama kusa da masu saukewa, ta yadda sabar ɗinka zai bayar sau ɗaya, sauran buƙatun a amsa su daga kwafin. Cloudflare yana da cibiya a Legas, kuma amfanin kusanci ba ƙarami ba ne. Wanda ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne, WACS, SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ya san yadda abin da ke nesa ke yin wuyar samu.

Sai dai tsarin kyautar yana da sharuɗɗa biyu da suka shafe ka kai tsaye. Ba ya riƙe kwafin fayil da ya wuce mega 512. Kuma ƙa'idojinsa sun ba kamfanin damar taka maka birki in abin da kake turawa galibi bidiyo ne ko manyan fayiloli da ba a wurinsa aka ajiye su ba. In fayilolin na cikin R2 ne, wannan sharaɗin bai hau kanka ba.

Google Drive fa, ko Telegram?

Drive an yi shi ne don mutum da abokan aikinsa. Fayil ya yi farin jini, sai a rufe saukewarsa har zuwa awa 24, mutane su riƙa cin karo da saƙon cewa an wuce ƙa'ida. Telegram yana ɗaukar fayil har giga 2 kyauta, kuma tashoshin karatu da yawa a kansa suka dogara. Hanya ce mai kyau ta biyu. Amma tashar ba taka ba ce, kuma neman karatun shekara biyar baya a cikinta wahala ne.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne Internet Archive, ɗakin ajiyar da Brewster Kahle ya kafa a San Francisco a 1996. Yana karɓar sauti da littattafai kyauta, yana ba da linki kai tsaye, ba ya cajin fita. Gudunsa ba ya kai na kamfanonin kasuwa, kuma ya taɓa rufewa na kwanaki a Oktoban 2024 bayan harin masu kutse, don haka ya fi dacewa da tsofaffin karatu. Masu raba manhajar da suka rubuta da kansu kuwa suna da GitHub, inda kowane fayil a sashen Releases zai iya kai giga 2.

Na ji manyan manhajojin kyauta irin su Ubuntu na amfani da torent. Zai yi mini aiki?

Da wuya. Dabarar da Bram Cohen ya fito da ita a 2001 ita ce kowane mai saukewa ya riƙa tura wa wasu gutsuren da ya samu, ta yadda yawan jama'a ke rage wa sabar nauyi. Tana aiki ga Ubuntu, Debian da LibreOffice saboda masu amfani da su na da kwamfutoci a kunne da intanet na gida marar ƙirga. Mutumin da ke kan waya da giga ɗaya ta mako ba zai bar datarsa ta zube don wani baƙo ba, kuma yana da gaskiya.

Abin da torent ke yi a can, a wajenmu Xender, memori da rukunonin WhatsApp ne ke yin sa, ba tare da intanet ɗinka ba. Taimaka masa: sa sunan malami, darasi da kwanan wata a sunan fayil da cikin bayanansa, don ya riƙe asalinsa bayan ya bi ta hannu goma.

Ɗaya dabarar ta su Ubuntu ita ce sabar madubi, inda jami'o'i da kamfanonin sadarwa ke ɗaukar cikakken kwafi su raba wa na kusa da su. Haka VLC ke isa ga miliyoyin mutane. In wani ya yi maka tayin haka, wallafa lambar SHA-256 ta kowane fayil a shafinka, wato lambar da ake tantancewa da ita cewa ba a sauya fayil ba, musamman manhaja. A Fabrairun 2016 masu kutse sun canza linkin sauke manhajar Linux Mint ya nufi gurɓataccen kwafi.

Baƙi ba su ƙaru ba amma data sai ƙara fita take. Me ke faruwa?

Buɗe rajistar sabar ka duba fayil ɗin da ya fi fita da inda buƙatun ke fitowa. Sau da yawa wani shafi ne ya ɗauki linkinka ya liƙa a nasa: shi ke cin kuɗin talla, kai ke biyan data. Maganinsa linki mai wa'adi, wanda ke ɗauke da sa hannu kuma yake mutuwa bayan 'yan awoyi. R2 da B2 duk suna iya wannan, nginx ma haka. Ba da wa'adi mai ɗan tsawo, don mai raunin netwok ya samu ya ƙarasa.

Akwai kuma manhajojin saukewa irin su IDM da ke buɗe layi takwas ko fiye a kan fayil ɗaya, da na'urorin da ke yawo suna kwashe duk abin da suka gani. Ƙayyade yawan layi da gudu ga kowane adireshin intanet (IP), amma da sassauci, domin kamfanonin waya kan haɗa ɗimbin mutane a kan adireshi guda. Kuma tabbatar sabar na barin a ci gaba daga inda saukewa ta yanke. In ba haka ba, wanda layinsa ya katse a kashi 90 zai faro daga farko, kai da shi ku biya sau biyu.

In kana kan mita, sa ƙararrawar kuɗi yau. A Fabrairun 2024 wani mai ƙaramin shafi a kamfanin hostin na Netlify ya samu takardar fiye da dala 104,000, bayan an yi ta jan wani fayil ɗin sauti da bai kai mega huɗu ba har tera 190 cikin kwanaki kaɗan. An yafe masa daga baya, bayan labarin ya bazu.

Kuɗin talla ba zai rufe duk wannan ba?

Talla na biya ne a kan buɗe shafi, data kuma na fita ne a kan nauyin fayil. Buɗewa ɗaya na iya jawo mega 58, wanda a kan mitar senti 9 rabin senti ne, wato dala 5 a kan kowace saukewa 1,000. Sai tallarka ta kawo fiye da haka kafin ka fara numfashi, kuma masu talla ba sa biyan baƙon Najeriya ko Nijar abin da suke biyan na Amurka. Ƙara da cewa dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, don haka gudummawar da ta isa bara ba lallai ta isa bana ba.

Wannan giɓin ne ke tura wasu ga maɓallan "sauke" na ƙarya da shafuka biyar kafin a kai ga fayil. A shafin karatun addini wannan abin kunya ne, don ba kai ke zaɓar tallar caca ko hoton da zai fito ba. In ka rage fayil ka kuma bar mita, kuɗin wata zai dawo abin da mutum biyu ko uku za su iya ɗauka, sai ka rubuta adadin a fili a shafin ka nemi masu ɗaukar nauyi na wata-wata.