Ku daina ɓoye mana yaron da ke ƙuryar ɗaki

Iyaye, ranar awo da rigakafi kuna kawo mana, mu ma'aikatan lafiya, yara masu wasa da dariya, wanda ya fi kowa buƙatar a duba shi kuwa ku baro shi gida. Ko mun shiga gida-gida ɗigon foliyo, a fito da kowa, shi a sakar masa labule. In mun tambaya a ce "ai wannan na iska ne," ko "bar shi, kawunsa ma bai yi magana da wuri ba." Sai ya kai shekara bakwai, ya fara buga kansa da bango, sannan a kwaso shi a ce mu yi wani abu. Haba jama'a!

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin shekara 14. Abin da kuke jingina wa aljanu, sau da yawa asalinsa shawarar jarirai ce da aka tsaya yi wa jiƙo, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko doguwar naƙuda, ko tamowa. Ga kuma yaran da aka gudo da su daga Isa da Sabon Birni a Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, sun ga abin da babba ma ba zai iya ɗauka ba. Yaro ya koma fitsarin kwance, yana firgita cikin barci, maimakon a kawo shi sai a dake shi, a kuma ɓoye.

Na san kunya ce, da tsoron bakin kishiya da na dangin miji, da gudun a ce gidan akwai taɓin hankali a ƙi auren 'yan uwansa. Inna, ba laifinki ba ne. Addu'a ma ba mu hana ba, mu ma muna yi. Ɓoyewar ce muka hana. Mai gida, kai ma da kai nake, don izinin fita a hannunka yake.

Dubawar ba ta da allura. Tambayoyi ne, da kallon yadda yake wasa, da gwada jinsa da ganinsa. Wani ma kunne ne kawai ba ya ji, ana ta kiransa dolo. Masu farfaɗiya kuwa, kusan kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa in suna shan magani daidai.

Ku kawo shi asibitin unguwa in:
- wata tara bai iya zama ba;
- shekara ɗaya ba ya waiwayowa in an kira sunansa;
- wata 18 bai fara tafiya ba;
- shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba;
- a da yana magana ko wasa, yanzu ya daina.

In ya fi ƙarfinmu, za mu rubuta muku takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Ku zo da katin rigakafinsa, kuma wadda ta fi zama da shi, uwa ce ko kaka, ita za ta zo ta amsa tambayoyin.