Mene ne dashbod na alƙaluma?

A bakin direba, dashbod shi ne allon gabansa mai nuna gudu da yawan mai da zafin inji. Masu aikin ƙididdiga sun ari sunan suka raɗa wa shafin intanet da ke nuna tarin alƙaluma a fuska ɗaya: taswira, layi mai hawa da sauka, da maɓallan da mutum zai taɓa ya zaɓi shekara ko jiha. Alƙaluman suna can jibge a rumbun kwamfuta, dashbod ne ke ɗebo wanda aka nema.

Mutane da yawa a lokacin korona suka fara saninsa. A Janairun 2020 Farfesa Lauren Gardner ta Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, tare da ɗalibinta Ensheng Dong, suka buɗe wanda ya fi shahara: baƙar taswirar duniya, an yayyafa mata jajayen ɗigogi, kowane ɗigo yana girma gwargwadon yawan waɗanda suka kamu. Sai a Maris 2023 aka daina sabunta shi.

Akwai ƙa'idar da masu ƙera irin wannan shafi ke yawan bi, wadda Ben Shneiderman na Jami'ar Maryland ya shimfiɗa a 1996. A fara nuna wa mutum abin baki ɗayansa, sannan a bar shi ya matso kusa ya tace, cikakken bayani kuwa sai ya nema.

Matakin tsakiyan nan, na matsowa da tacewa, a ganina shi ne ran aikin. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna matsakaicin yawan 'ya'yan da mace ke haifa a rayuwarta 5.3 ne. Adadin daidai ne, amma ya ɓoye Legas mai 3.4, ya kuma ɓoye Katsina mai 7.3. Jami'in lafiyar da ke lissafin ungozomomi da gadajen haihuwa a Katsina, in ya dogara da 5.3, mata ne za su ɗanɗana kuɗarsu. Shafin da ya tsaya a adadin ƙasa bai yi masa komai ba. Wanda zai amfane shi shi ne wanda zai taɓa jiharsa ya gani, ya ware ƙauye da birni, ya ajiye bana kusa da shekarun baya. Kuma tunda binciken a matakin jiha ya tsaya, wajibi ne shafin ya faɗi haka ƙarara, kada a ƙaga wa ƙananan hukumomi 774 adadin da ba a ƙirga ba.

Kyan zane ma yana iya ruɗar ido. Jajayen ɗigogin nan na korona waɗanda gwaji ya tabbatar kawai suke ƙirgawa, don haka ƙasar da ba ta gwaji sosai sai ta fito da ɗan ƙaramin ɗigo, kai ka ce lafiya lau take. Shi ya sa a ƙarƙashin kowane zane ya kamata mai dubawa ya ga wanda ya tattara alƙaluman, da ranar da aka tattara, da abin da aka ƙirga takamaimai. Shafin Our World in Data, mai tattara alƙaluman ƙasashen duniya, yana yin haka, har da maɓallin sauke alƙaluman ga mai son ya tantance da kansa.

Sai batun waya. Shafin da aka ƙera a kan babbar kwamfutar ofis, in aka buɗe shi a ƙaramar waya, rubutu ya cunkushe, taswira ta ƙi buɗewa, data ta ƙare. Ɗan jarida ko malamin asibiti na karkara da wayar yake aiki, saboda haka a kanta ya kamata a fara gwada dashbod kafin a sake shi.