Maganin ciwon jikinmu ba na kare ba ne

A Sakkwato, musamman wajen mafarauta da masu karen gadi, an daɗe ana cewa in kare ya dawo daga daji yana ɗingishi, a cusa masa Panadol ko ibuprofen cikin lomar tuwo, zai warware. Tausayi ne ke sa mutane yin haka.

Sai dai jikin kare ba ya sarrafa waɗannan magunguna kamar namu. Ibuprofen da diclofenac suna cin cikinsa har ya yi gyambo, suna kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da yake haki ruwan jikinsa ya ragu, ɓarnar ta fi saurin aukuwa. Farasitamol kuwa, wato sinadarin da ke cikin Panadol, hanta yake taɓawa, ya hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata. Ƙwayar miligiram 500 don babban mutum aka auna ta, alhali yawancin karnukanmu ba su wuce kilo 20 ba. Kyanwa ma, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Kana iya dubawa da kanka. Juya kwalin maganin ka karanta sunan sinadarin da ke ciki. In an riga an ba karen, ɗaga leɓensa ka ga dasashi: in ya yi fari ko ruwan ƙasa, ko kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, ko yana amai ya ƙi abinci, garzaya wurin likitan dabbobi da kwalin a hannu. Shi ke da maganin da ya dace, yana auna shi da nauyin dabbar.

Don Allah a tura wa duk mai kare da aka sani.